Igwar Lantarki: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Shekara da shekaru ke nan manyan ƙasashen duniya suna ta fama da wani sabon makami na jiragen ruwan yaƙi, watau wata irin igwa wadda ba ta shan albarushi ko kaɗan, ƙarfin lantarki ne kurum yake cilla harsashinta. Amurka ta zuba wa aikin kuɗi wajen Dala miliyan 500, sa'an nan ta jingine shi a 2021. Ƙasar Sin ta ɗora irinta a kan wani jirgin ruwa, hotunansa suka bazu a duniya a farkon 2018. Jafan kuwa ta harba tata a tsakiyar teku a 2023, ta sake harba ta a 2025, har ta sami jirgin da aka kafa mata a matsayin abin bara.

Wani zai ce, ina ruwan mai sayar da goro a Agege, ko mahaucin Oko-Oba, ko dillalin tumatir a kasuwar Mile 12, da wannan magana ta manya? Mu a ganinmu akwai ruwansa, domin kuwa duk wanda yake zaune a Ikko a bakin teku yake kwana, kuma abincinsa yana rataye da zaman lafiyar tashoshin Apapa da Tin Can da Lekki. Abin da wannan igwa take koya mana shi ne, albarushin gobe lantarki ne da ƙarfe da ilmi. Ƙasar da ba ta iya riƙe wutar lantarkinta, ba ta kuma narka ƙarfenta, to, ba ta da rumbun makamai, ko da kuwa ta cika tashoshinta da jiragen da ta sayo.

Yadda take aiki

Bari mu fara bayyana wa masu karatu yadda abin yake. Kowa ya san layin dogon da ya ratsa Agege, ƙarafa biyu ne a jere, ba su haɗuwa. To, haka cikin wannan igwa yake. Ana shimfiɗa dogayen ƙarafa biyu, a sa harsashi a tsakaninsu, tare da wani guntun ƙarfe da yake taɓa kowannensu. In an tashi harbi sai a saki wuta mai ƙarfin gaske, wadda ake aunawa da miliyoyin amfiya, ta bi ƙarfe ɗaya, ta ƙetara ta cikin guntun nan, ta komo ta ɗaya ƙarfen. Wannan zagayen da wutar take yi shi ne yake haifar da ƙarfin maganaɗisu, shi kuma ya tunkuɗa harsashin gaba, ya fita da gudun da ya kai kilomita 2 a cikin daƙiƙa guda, watau wajen ninki 6 na gudun sauti.

Harsashin da yake wannan gudu ba ya bukatar a cusa masa nakiya. Nauyinsa da saurinsa sun isa su farke jikin jirgi. Masana suna auna ƙarfin harbi da wani ma'auni da ake kira megajul. Megajul ɗaya daidai yake da ƙarfin da mota mai nauyin tan ɗaya za ta daki bango da shi in tana gudun kilomita 160 a awa. A watan Disamba na 2010, a wurin gwajin makamai na Dahlgren cikin Jihar Bajiniya, mayaƙan ruwan Amurka sun yi harbi mai ƙarfin megajul 33. Mai karatu sai ya ƙiyasta tirela mai nauyin tan 33 tana wannan gudu, an tattara ƙarfinta duka a kan dunƙulen ƙarfe wanda mutum zai iya ɗauka da hannu.

Burin Amurka shi ne ta sami igwar da za ta kai mil 100 na ma'aunin teku, watau kilomita 185, tana kuma harbi sau 10 a minti ɗaya. Igwar albarushi mai faɗin baki milimita 127, irin wadda aka saba ɗorawa a kan jiragen yaƙi, ba ta wuce kilomita 24 ko kusa da haka. Ma'ana, jirgin da yake tsaye a bakin ruwan Ikko da tsohuwar igwa iyakarsa unguwannin cikin gari, amma mai sabuwar zai iya jefa harsashi har bayan Ibadan.

Tsohon mafarki ne

Kada a zaci dabarar ta jiya ce. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Farko wani Bafaranshe mai suna Fauchon-Villeplee ya zana irin wannan igwa. Jamusawa sun taɓa ta a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, suka ga wutar da take bukata ta fi ƙarfinsu. A shekarun 1970 masana a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera suka farfaɗo da binciken, saboda suna da wani katafaren injin tara wuta. Ofishin binciken mayaƙan ruwan Amurka ya ɗauki aikin gadan-gadan a 2005, kamfanonin BAE Systems da General Atomics suka ƙera samfurori, aka yi ta gwaji har shekara 16, daga bisani Amurka ta janye kuɗinta ta mai da hankali ga makamai masu linzami masu tsananin gudu da kuma na hasken lesa.

Me ya kayar da ita? Abu uku ne. Na farko, ƙarafan nan biyu suna cinyewa da sauri, domin zafin wuta da gogayyar harsashi suna zaizaye su, ga shi kuma ƙarfin maganaɗisun da yake tura harsashi gaba shi ne yake neman ya wage su gefe da gefe. Na biyu, wutar da ake bukata. An ƙiyasta cewa igwa ɗaya mai cikakken ƙarfi tana neman wajen megawat 25 in ana so ta yi harbi a jere, ga kuma manyan rumbunan tara wuta da na'urorin sanyaya ta, waɗanda suke cin wuri a cikin jirgi. Jiragen da suke da wutar da za ta ɗauki wannan nauyi, irin su Zumwalt mai megawat 78, guda 3 kacal Amurka ta ƙera. Na uku, harsashin da zai yi tafiya mai nisa haka yana bukatar na'urar da za ta shiryar da shi, ita kuwa na'urar tilas ta jure wa girgizar fita wadda take iya rugurguza ta.

Jafan ta bi wata hanya dabam, hanyar da ta dace mu lura da ita. Ba ta fara da ƙatuwar igwa ba. Hukumarta ta ƙere-ƙeren tsaro ta soma a 2016 da ƙarama mai faɗin baki milimita 40, mai ƙarfin megajul 5, harsashinta bai wuce giram 320 ba. Ta tsaya a kan matsalar zaizayar ƙarfe har ta iya harbi sau 120 ba tare da bututun ya lalace ba, sa'an nan ta ɗora ta a kan jirgin gwaji mai suna Asuka. A 2024 ta ƙulla yarjejeniyar haɗa kai da Faransa da Jamus a kan wannan bincike. Turkiyya da Indiya su ma suna nasu ƙoƙari. Ita kanta Amurka, a watan Disamba na 2025, da Shugaba Donald Trump ya bayyana shirin wasu sababbin manyan jiragen yaƙi, an sake ambatar wannan igwa a cikin makaman da ake fatan ɗora musu. Sannu dai ba ta hana zuwa.

Dalilin da ya sa ba a yar da maganar ba shi ne tsadar yaƙin zamani. Tun ƙarshen 2023 duniya ta ga yadda jiragen Amurka a Bahar Maliya suke harba makamai masu linzami na Dala miliyan 2 kowane ɗaya domin su kakkaɓo ƙananan jirage marasa matuƙa waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ba baitulmalin da zai jure wa wannan ciniki har abada. Igwar lantarki, in ta nuna, harsashinta dunƙulen ƙarfe ne mai araha, jirgi zai ɗauki ɗaruruwansa. Ta nan ne ake ganin gabanta: tsaron jirgi da tashar ruwa daga abin da aka jefo musu ta sama. Ko a yanzu ma 'yar'uwar wannan dabara tana aiki, domin da ƙarfin maganaɗisu ake cilla jiragen sama daga kan babban jirgin Amurka mai suna Gerald Ford, haka kuma na Sin mai suna Fujian.

Abin da Ikko ta sani game da albarushi

Akwai wani amfani guda na wannan igwa wanda mutanen Ikko za su fi kowa ganewa. Jirgin da ba ya ɗauke da albarushi ba shi da rumbun da zai fashe da mutanensa. Mazauna Agege da Ikeja da Oshodi ba su manta da ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002 ba, ranar da gobara ta kai ga ma'ajiyar makamai ta barikin sojan Ikeja. Bama-bamai suka yi ta tashi suna faɗawa cikin unguwanni, jama'a suka ruɗe, suka fita a guje cikin duhu, da yawa suka afka cikin magudanar ruwa ta Oke-Afa wadda ciyawa ta lulluɓe. Mutum fiye da 1,000 suka rasu, yawancinsu mata da yara. Allah Ya ji ƙansu. Ba maƙiyin da ya harba ko harsashi ɗaya a ranar, ajiyarmu ce ta ci mu.

In muka koma baya kuma, da igwar jirgin ruwa aka ci garin nan. A watan Nuwamba na 1851 mayaƙan Sarki Kosoko sun kori Turawan Ingila da suka kawo hari na farko. Da Turawan suka komo a ƙarshen Disamba da jiragen da suka fi ƙarfi, suka yi ta ruwan wuta har rumbun albarushin Sarki ya tashi, gari ya kama da wuta, Kosoko ya bar Ikko, aka mai da Akitoye kan gado. Yarabawa suna kiran wannan yaƙi Agidingbi saboda rugugin igwa. Shekara 10 bayan haka, a 1861, Ikko ta zama mallakar Ingila. Wani hafsan mayaƙan ruwan Ingila ne kuma, Glover, ya tara Hausawan Ikko a 1863 ya kafa rundunar da ta zama tushen sojan Nijeriya.

Mu 'yan Arewa muna da namu karatun. A watan Fabrairu na 1903 igwa ce ta fasa ƙofar Kano, ganuwar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana ginawa ba ta tare ta ba. A watan Maris aka shiga Sakkwato, a watan Yuli aka yi Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Kakanninmu ba su gaza a jarumtaka ba. Abin da ya faru shi ne, waɗansu mutane a wata nahiya sun riga sun ƙware wajen narka ƙarfe da sarrafa shi, mu kuwa muna sayen bindigar da suka daina amfani da ita. Saboda haka duk lokacin da aka ce an ƙago sabon makami, bai kamata jikokin mutanen Burmi su ce ba ruwansu ba.

Ina muka kwana?

An kafa rundunar mayaƙan ruwan Nijeriya a 1956, aikinta tsaron gaɓar teku mai tsawon kilomita 853 da ruwayen da ke bayanta, inda man fetur da kifi da hanyar cinikinmu suke. Babban jirginta, Aradu, wanda sunansa ma na Hausa ne, an ƙera shi a Hambug ta Jamus, ya kama aiki a 1982, a lokacin yana cikin jiragen yaƙi mafiya ƙarfi a Afirka. Ya kai tutar ƙasar nan Ingila a 2005, ya kai ta Birazil a 2007. Amma ya shafe shekaru masu yawa a ɗaure yana jiran gyara, har a 2023 aka ba kamfanin Dearsan na Turkiyya kwangilar farfaɗo da shi. Kayan aro ba ya rufe katara. Jirgin da ba ka iya ƙera kayan gyaransa, kai da mai haya duk ɗaya ne.

Sai dai adalci ne mu yaba inda aka yi abin yabo. A ma'aikatar gyaran jiragen ruwa ta soja da ke Victoria Island, injiniyoyinmu sun ƙera jirgin sintiri Andoni a 2012, suka ƙera Karaduwa a 2016, suka ƙera Oji a 2021. Ƙanana ne, amma hannun 'ya'yanmu ne ya yi su, kuma su ne irin jiragen da matsalarmu ta yau take bukata. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a Tekun Gini aka ɗauke su. Dokar hukunta 'yan fashin teku ta 2019, da shirin tsaron ruwa na Deep Blue da aka ƙaddamar a Ikko a watan Yuni na 2021, da ɗaurin shekara 12 da Babbar Kotun Tarayya ta yi wa 'yan fashi 10 a watan Yuli na wannan shekarar, su ne suka sa abin ya lafa. Ɓarawon ɗanyen mai da yake ɓuya a cikin surƙuƙin Neja Dalta da kwalekwale mai inji, ba a kama shi da igwar da take harbi kilomita 185.

Inda gizo yake saƙa shi ne wuta da ƙarfe. Tashar lantarki ta Egbin, kusa da Ikorodu, tana da injuna 6 masu megawat 220 kowanne, jimla 1,320. Ke nan igwa 9 kacal sun isa su shanye inji guda. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, wutar da take rabawa yawanci tana kai da kawowa tsakanin megawat 4,000 da 5,000, a 2024 kuma babban layin wutar ƙasa ya durƙushe sau da dama. Tela a Agege da mai walda a Idi-Araba sun san wannan ba sai an gaya musu ba, domin ribarsu a bakin janareta take ƙarewa. Ajaokuta kuwa, wadda aka ba 'yan Tarayyar Sobiyet kwangilarta a 1979, an shafe fiye da shekara 40 ba a hura babbar tanderunta ta narka tama ba. Ma'aikatar ƙera makamai ta Kaduna tana nan tun 1964, amma maƙeri ba ya ƙira sai da ƙarfe da gawayi.

Kiranmu

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da Majalisar Ƙasa da su dubi waɗannan abubuwa.

Na farko, kada a bari dillalan makamai su ruɗe mu. In Amurka da duk dukiyarta ta kashe Dala miliyan 500 ba ta ɗora wannan igwa a kan jirgin yaƙi ko ɗaya ba, to, duk wanda ya zo mana da ita a takarda a nan kusa, kuɗinmu yake so. Kuɗin tsaron teku a sa shi a gyaran jiragen da muke da su, da ƙera ƙananan jiragen sintiri a gida, da na'urorin hangen teku, da kyautata wa ƙananan sojojin da suke kwana a kan ruwa.

Na biyu, a daina ɗaukar maganar lantarki da ta Ajaokuta a matsayin maganar 'yan kasuwa kawai. Magana ce ta tsaron ƙasa, a sa ta a gaban majalisar tsaro kamar yadda ake sa maganar iyaka. Makaman da suke tafe, ko igwar lantarki ce, ko hasken lesa, ko manyan na'urorin hangen nesa, dukansu wuta suke ci.

Na uku, a fara bincike daidai ƙarfinmu, kamar yadda Jafan ta fara da ƙarama. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Ikko ta Akoka, da Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna, da kwalejin injiniyoyin mayaƙan ruwa ta Sapele, a haɗa su a ba su kuɗi mai ɗorewa, su yi aiki a kan tara wuta da sakinta, da maganaɗisu, da ƙarafan da suke jure zafi. Ko ba a taɓa ƙera igwa ba, ilmin ba zai tafi a banza ba, domin shi ne ilmin batir da injin jirgin ƙasa mai lantarki da gyaran layin wutar ƙasa.

Na huɗu, tun da albarushi zai daɗe tare da mu, a riƙa binciken duk wata ma'ajiyar makamai da gari ya cim mata, a kwashe tsofaffin bama-bamai, a nisanta su daga gidajen jama'a. Wannan ba ya bukatar jiran wani sabon ƙere-ƙere, kuma shi ne haƙƙin da mamatan Oke-Afa suke bin mu.

Na biyar, kira ne ga 'yan'uwanmu mazauna Agege da Obalende da Idi-Araba da Alaba Rago, da sarakunan Hausawa da malamai da attajirai. Kasuwanci gado ne mai albarka, amma a cikin 'ya'ya biyar a ware ko ɗaya a tura shi makarantar koyon sana'a ko ta kimiyya, ya karanta lissafi da lantarki da aikin ƙarfe. Kwalejin Fasaha ta Yaba tana nan kusa, jirgin ƙasa ma yana kai mutum. In an buɗe ɗaukar mayaƙan ruwa, a ƙarfafa wa samari su nema. Wanda ya girma yana jin ƙamshin teku bai kamata ya bar tsaronta ga waɗansu ba.

Ba ma murna da ƙaruwar kayan kisa a duniya, kuma fatanmu kada Allah Ya nuna mana ranar da za a auna garin nan da irin wannan igwa. Amma fata ba ta tsare gari. Mai yiwuwa ne igwar lantarki ta zama makamin da kowane babban jirgi zai ɗauka nan da shekara 20, mai yiwuwa ne kuma ta tsaya a ƙaramin aikin kakkaɓo abin da aka jefo. Ko wanne ya faru, ƙasashen da suka wahala a kanta sun riga sun ci ribar ilmin, sun tara injiniyoyi, sun gyara masana'antunsu. Ribar da muke so Nijeriya ta nema ke nan tun yanzu, tun teku tana kwance. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma iya ruwa fid da kai. Allah Ya ba shugabanninmu hangen nesa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.